Daga Zaure Zuwa Ɗakin Haya: Yadda Maziyarta Ke Sauka a Gidajen Jama'a

Garin ziyara yana da matsalar da sauran garuruwa ba su cika fama da ita ba, wato yawan jama'arsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wata goma sha ɗaya daga shi sai 'yan gari, sai mako guda ya zo mutane su ninka sau biyu, sau biyar, wani wurin ma fiye da haka. Kowane ɗaya daga cikinsu yana neman inda zai shimfiɗa tabarma, ya ajiye jaka, ya kama ruwa, ya yi alwala. Otal ba ya iya ɗaukar wannan nauyi, don babu mai jarin da zai gina ɗaki ɗari biyu su cika kwana bakwai, sauran shekara kuma su zauna a kulle. Shi ya sa tun can da gidajen mazauna gari ne ke haɗiye maziyarta, ko a Makka ne, ko Sakkwato, ko Kaulaha, ko Karbala. Abin da ke ƙaruwa a 'yan shekarun nan shi ne shigar kuɗi cikin sha'anin: ɗakin da a da ake share wa baƙo don neman lada, yanzu a wurare da yawa yana da farashi, yana da dillali, wani ma har hotonsa yana yawo a waya.

A ƙasar Hausa saukar baƙi a gida gini ne kafin ya zama ɗabi'a. Gidan gargajiya yana farawa da zaure, daga nan a shiga farfajiyar da shagon samari ko ɗakin baƙi yake, sannan a wuce shigifa kafin a kai cikin gida inda mata suke. Wannan tsari yana ba maigida damar ajiye namijin da ba muharrami ba har tsawon wata guda ba tare da ya ga iyali ba, tuwonsa kuma yana fito masa dare da rana. Addini ya ƙarfafa abin: hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka ya zama sadaka. Bahaushe ya ɗora da cewa baƙonka Annabinka.

Amma kuskure ne a ɗauka duk saukar baƙi a da kyauta ce. Akwai fatoma, wanda saukar baƙi ita ce sana'arsa. Falke ya iso da goro ko shanu ko kanwa, fatoma ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki kayansa bashi. Ba ya cewa a biya kuɗin kwana. Rabonsa yana fitowa daga la'ada da kuɗin sallama. Da wannan tsari aka gina zangon Salaga da na Kumasi, da Sabon Ibadan da aka kafa a 1916, wanda masani Abner Cohen ya yi littafi a kan masu gidajensa a 1969. Jarin fatoma amana ce. Idan kuɗin baƙo suka salwanta a gidansa, labari zai riga shi isa Kano, kuma daga ranar ya rufe zaure.

Keffi tana cikin garuruwan da suka san wannan harka. Abdu Zanga ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau, kan hanyar fataken da ke gangarowa daga Kano da Zariya zuwa Loko a bakin Binuwai, kuma Bature ɗan yawon duniya Gerhard Rohlfs ya ratsa ta a 1867 ya same ta gari na kasuwanci. Tsofaffin unguwanninta irin su Yara, Tudun Ƙofa, Liman Abaji da Gangaren Tudu sun tashi ne a zamanin da baƙo ba shi da wani wurin zuwa sai gidan wani. Tarihin garin ma ya nuna nauyin da ke kan mai masauki. Bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Baturen mulki Kyaftin Moloney a 1902, Kano ya nufa, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, kuma wannan karɓa tana cikin hujjojin da Turawa suka kafa suka auka wa Kano a farkon 1903. Ɗan Yamusa ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira zuwa gabas, suka cika a Burmi a watan Yulin 1903. Waɗanda suka tsira suka ci gaba tare da ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno.

Garin nan da ire-irensa sun zama matattarar alhazan ƙasa. Kafin jirgin sama ya karɓe aikin a shekarun 1950, maniyyaci yakan bar Kano ya bi ta Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau), Abeche, Al-Junaina, Al-Fashir, Al-Ubayyid, har Sawakin ko Port Sudan, tafiyar da kan ci shekaru. A kowane zango akwai Bahaushen da ya riga shi isa ya zauna, shi zai sauke shi, ya samo masa aikin gona ko na ga-ruwa ya tara guzuri, ya nuna masa mai motar da ba ya cuta. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa ba su dawo ba, su ne kuma suka zama masu masaukin na baya.

A Makka kuwa tambayar ko ya halatta a karɓi kuɗin ɗaki daga alhaji tsohuwa ce ƙwarai. Tun kafin Musulunci Ƙuraishawa suna da muƙaman rifada da siƙaya, wato ciyar da mahajjata da shayar da su. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana sanya ƙyaure a gidajen Makka don alhazai su samu shiga su sauka a farfajiya, Umar ɗan Abdul'aziz kuma ya rubuta wa gwamnansa yana hana karɓar haya. Malaman da suka ƙi hayar sun dogara da aya ta 25 a Suratul Hajji, wadda ta daidaita mazauni da baƙo a wurin. Imamu Shafi'i ya halatta, kuma muhawararsa da Ishaƙu ɗan Rahawaihi kan mas'alar sananniya ce. Cikin hujjojinsa akwai cewa Umar da kansa ya sayi gidan Safwan ɗan Umayya da dirhami 4,000, wanda ke nuna gidajen Makka mallakar masu su ne. Malamai suna muhawara, mutanen Makka suna ba da haya. Lokacin da Bature matafiyi Burckhardt ya shiga garin a 1814, ya tarar ana gina gidaje da sassa daban-daban musamman don alhazai, kuma abin da iyali suka samu a 'yan makonnin nan shi ke riƙe su wani babban ɓangare na shekara. Iyalin kan tattara su koma hawa na sama ko soron gida, su bar wa baƙi sauran.

Tsakanin alhaji da mai gida akwai muɗawwifi, wanda shi ne fatoman Makka. Kowane muɗawwifi da ƙasar da ya gada daga ubansa: ya iya harshensu, ya tare su, ya kama musu gida, ya kai su ɗawafi da Mina da Arfa. Daga baya gwamnatin Saudiyya ta tattara su cikin mu'assasa shida bisa yankunan duniya, ɗaya daga ciki ta ƙasashen Afirka da ba na Larabawa ba. A gefen wannan tsari na hukuma, alhazan Najeriya da Nijar suna da nasu: 'yan'uwa mazauna can, waɗanda ake kira Takari, a unguwanni irin su Masfala da Shara Mansur. A wurinsu ake samun tuwo da miyar kuka, da ɗaki mai araha, da wanda zai raka mutum kasuwa.

Wannan tsohuwar Makka ta kusa ƙarewa. Faɗaɗa Harami da ginin manyan otal sun cinye unguwannin da ke kewaye da shi: an rushe ganuwar Ajyad a 2002 aka gina dogayen benaye masu agogo, Shamiyya ta tafi, Jabal Umar ya zama otal-otal. Mahajjata sun haura miliyan uku a 2012, sun kai kusan miliyan biyu da rabi a 2019. Hayar gidajen jama'a ba ta mutu ba, ta dai ja da baya zuwa unguwanni masu nisa irin su Aziziyya, ta kuma shiga hannun hukuma. Yanzu ginin da za a saukar da alhazai sai an duba shi an ba shi takardar izini, an ƙayyade yawan mutanen da zai ɗauka. Akwai dalili: ranar 5 ga Janairun 2006 wani masauki ya rufta kusa da Harami, mutum 76 suka rasu. Bayan zafin aikin Hajjin 2024, wanda hukumomin Saudiyya suka ce ya kashe mutum 1,301, mafi yawansu marasa izinin Hajji, an ƙara tsaurara doka, har tarar mai ba irin waɗannan mafaka ta kai Riyal 100,000. Alhajin Najeriya na yau Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, da hukumomin jihohi ne ke kama masa gida; da wuya ma ya san sunan mai ginin. Wanda ya je Umara da guzurinsa ne har yanzu yakan nemi ɗan'uwa.

A Najeriya lamarin bai kai nan ba. Hubbaren Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817, yana karɓar maziyarta duk shekara, da yawansu kuma sukan zarce Wurno kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Gwandu wurin Malam Abdullahi, da Degel. Mata suna da tsohon tarihi a wannan ziyara. A zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, 'Yan Taru sukan taso daga ƙauyuka ƙungiya-ƙungiya, jaji tana gaba da malfa a ka, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu, su sauka a gidanta su ɗauki karatu su koma. Masauki da makaranta da wurin ziyara duk gida ɗaya ne, abin da suka ɗauko kuma shi ke taimaka wa tukunyar gidan.

Haka yake a Kano ranar Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa, inda jama'a ke tasowa daga Gidan Ƙadiriyya zuwa maƙabartar Mai Giginya a watan Rabi'us Sani. Haka yake a Kiyota ta jihar Dosso a Nijar, garin Shehu Abubakar Hashim, ƙaramin gari da ke cika ya batse a Maulidi. Maulidin Shehu Ibrahim Inyass da ake yi a watan Rajab a Najeriya kuwa yawo yake daga birni zuwa birni, saboda haka kowace shekara sabon gari ne ke shan nauyin. A duk waɗannan, zawiyya ce ke raba baƙi. Muƙaddami daga Lafiya ko Keffi ya san muƙaddamin da zai sauke mutanensa a Katsina, badi kuma bashin ya juyo.

Kwana biyu kafin irin wannan taro gidan mai masauki yakan sauya kama. A kori samari daga shago su tafi gidan abokai, a share zaure, a aro tabarmi daga masallacin unguwa, a cika randuna da duro, a yi ciniki da 'yan ga-ruwa tun kafin jarka ta yi tsada. Cikin gida an kafa murhu uku, maƙwabta sun shigo taya girki, baƙi mata sun cika ɗakin uwargida har ita kanta ta koma tsakar gida da 'ya'yanta. Da dare takalma sun yi tsibi a ƙofar zaure, soket ɗaya yana ɗauke da wayoyi fiye da goma, kafin kiran assalatu kuma layin makewayi ya kai waje, kowa da butarsa. Ranar tafiya ba wanda zai tambayi nawa ne. Wanda ya zo da doya ko manja ko gero ya riga ya miƙa tun isowa, wanda bai zo da komai ba ya cusa 'yan kuɗi a hannun yaro ya ce a sayi sabulu. Maigida ya yi kamar bai gani ba.

A Senegal an kai wannan ɗabi'a matuƙa. Tuba, garin da Shehu Ahmadu Bamba ya kafa a 1887, tana karɓar miliyoyin mutane a Magal, ranar 18 ga Safar, kuma gidajen jama'a ne ke ɗaukarsu. Iyalai sukan yi tanadin shekara don ciyarwar 'yan kwanakin. Madina Baye a Kaulaha, wadda Shehu Ibrahim Inyass ya kafa a 1930, ita ce Hausawa suka fi sani tun bayan haɗuwar Shehun da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937. Motoci kan tashi daga Najeriya su yi kwanaki a hanya, su zube mutane a gidajen 'ya'yan Shehu da na muƙaddamai. A Iraƙi ma masu tattakin Arba'in, kimanin kilomita 80 daga Najaf zuwa Karbala, ana roƙonsu ne su shigo gida su kwana.

To me ya sa kuɗi ke shigowa? Da farko jama'a sun yi yawa. Mota da titi sun sa wanda a da zai yi ziyara sau ɗaya a rayuwa yanzu yana zuwa kowace shekara, da matarsa da surukarsa. Yawancin sababbin maziyartan ba su da muƙaddamin da zai miƙa su, kuma wanda ba a san shi ba sai ya biya. Ga tsadar abinci: buhun shinkafar da maigida kan saya don baƙi yana cin babban kaso na albashi. Ga kuma maziyarci mai hali, wanda ba ya son zaure. Yana son ɗaki da banɗaki a ciki, da fanka, da ƙofar da zai kulle, kuma ya fi son ya biya ya huta da nauyin godiya.

Babban dalilin dai shi ne ɗakin kansa ya yi daraja. Nan Keffi, ko da yake ba garin ziyara ba ce irin Sakkwato, ta zama madubi. Komawar babban birnin ƙasa Abuja a 1991, kafa jihar Nasarawa a 1996, da buɗe jami'ar jihar a garin a farkon shekarun 2000 sun cika ta da ma'aikata da ɗalibai masu neman haya. Maigidan da ke Yara yana da ɗaki a ƙofar gida: ko ya bar shi a rufe don baƙon Maulidi da na wa'azin ƙasa, ko ya ba ɗalibi ya karɓi kuɗin shekara, ko ya fasa bango ya mai da shi shagon kaya. Gidan da aka raba gado aka yanka shi huɗu kuma ba ya fitar da zaure. Idan ɗakin baƙi ya san kuɗi wata goma sha ɗaya, da wuya ya manta a wata na goma sha biyu. Kiristoci ma suna da nasu tarukan a wannan yanki, irin na sansanin Goshen na cocin Living Faith da ke Auta Balefi tsakanin Abuja da Keffi, kuma buƙatar wurin kwana ba ta tambayar addini.

Waya ta ƙarasa aikin. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ya koya wa duniya cewa mai ɗaki ɗaya ma yana iya tallata shi, Saudiyya kuma tana da nata mai suna Gathern. A Indiya, da aka buɗe wurin bautar Ram a Ayodhya ranar 22 ga Janairun 2024, hukumomi sun yi wa ɗaruruwan gidaje rajista don saukar masu ziyara saboda otal ba su isa ba. A Fas ta Maroko, iyalan da ke maƙwabtaka da zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani sun daɗe suna ba 'yan Afirka ta Yamma hayar ɗakuna, akwai kuma shirin Ziyarates Fès da ya tsara saukar baƙi a gidajen tsohon birni. A arewacin Najeriya manhaja ba ta yaɗu ba tukuna. WhatsApp da ɗan acaba da yaron unguwa ne dillalai.

Amfanin harkar a fili yake. Kuɗin maziyarci suna tsayawa a unguwa: bazawara mai ɗaki biyu, mai koko da ƙosai, mai wanki, mai cajin waya duk suna samu, maimakon komai ya tafi aljihun mai otal ɗaya. Mace mai tafiya da 'ya'ya ta fi samun natsuwa a cikin gida tare da mata, musamman a inda har yanzu ake yi wa kalmar otal kallon banza. Sai dai sabon mai ba da haya ya ɗauki rabin aikin fatoma ne kawai. Yana karɓar kuɗi, amma bai san daga ina baƙonsa yake ba, ba ya tsaya masa idan an yi masa sata, ba ya kai shi asibiti. Kuma da zarar ana biya bisa kai, sai ɗakin mutum huɗu ya ɗauki goma sha biyu.

Haɗarin yana nan a cunkoso. Makewayi ɗaya ga mutum hamsin, rijiya kusa da masai, abincin da ya kwana: hanyar amai da gudawa ke nan. Ɗaki marar taga a watannin zafi kuma hanyar sanƙarau ce, cutar da ta ɓarke tsakanin mahajjata a 2000 da 2001 har Saudiyya ta wajabta rigakafin nau'i huɗu ga duk mai zuwa. Sai gobara daga risho ko tukunyar gas a gida mai ƙofa ɗaya, sai kuma tsaro, a zamanin da maigida ke iya kwana a ofishin 'yan sanda saboda baƙon da bai san sunansa ba.

Ta fuskar doka, hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas ya tabbatar cewa rajista da sa ido kan otal da masaukai aikin jihohi ne. Dokokin jihohi kuwa da otal aka rubuta su, ba da zauren da ke karɓar baƙi kwana biyar a shekara ba, kuma in aka ɗora wa irin wannan gida harajin otal zai rufe ne kawai ko ya ɓuya. Abin da ke aiki a yanzu shi ne tsohon tsari: kwamitin masauki na masu shirya taro, 'yan agaji, da mai unguwa, wanda al'ada ta ɗora wa sanin duk baƙon da ya kwana a unguwarsa. Inda kwamitin ya zagaya gidaje tun kafin rana, ya ƙirga ɗakuna da makewayi, ya rubuta sunan kowace tawaga da na jagoranta, ya tanadi tankar ruwa, ya kuma tura rarar jama'a makarantu da masallatai, taron yakan watse lafiya, ko gidajen na kyauta ne ko na kuɗi.